Shekara 15 da Ake Tsallakewa a Labarin Farin Jirgi

A daren 25 ga Nuwamba 1120 wani jirgin ruwa ya tashi daga tashar Barfleur da ke gaɓar Normandi, a arewacin Faransa ta yau, ɗauke da mutum kusan 300, ya nufi Ingila. Bai yi wani nisa da baki ba ya daki dutse ya kife. Mutum ɗaya tak ya fita da rai. Cikin waɗanda ruwa ya ci har da Wiliyam Adelin, saurayi ɗan shekara 17, wanda shi kaɗai ne ɗa namiji da Sarki Henri na Farko ya haifa ta hanyar aure, shi ne kuma yarima mai jiran gadon Ingila da Normandi. Farin Jirgi ake ce wa jirgin.

Masu rubuta tarihi domin kowa da kowa suna son wannan labari matuƙa, musamman tun 2020 da abin ya cika shekara 900. An yi littattafai, an yi shirye-shiryen talabijin, a YouTube kuwa ba a magana. Kusan dukkansu layi ɗaya suke bi: matasa sun sha giya, jirgi ya daki dutse, magaji ya mutu, sai Ingila ta faɗa basasar da ta cinye kusan shekara 19. Daga dutsen zuwa yaƙin sai su ja zare guda miƙaƙƙe, kamar babu ɗan Adam ko ɗaya da ya tsaya a tsakani ya zaɓi abin da zai yi. Ni wannan zaren ne ban yarda da shi ba. Jirgin ya kife a 1120, Sarki Henri bai mutu ba sai 1135. Shekara 15 ke nan, kuma a cikinsu aka shuka yaƙin. Wanda ya ɗora wa dutse laifin basasar ya bar jaki yana dukan taiki.

Ba ina faɗa da irin wannan rubutu ba ne. Ina ganin darajarsa ƙwarai. Yawancin mutane ba za su taɓa buɗe littafin da malamin jami'a ya rubuta domin 'yan'uwansa malamai ba, kuma ba laifinsu ba ne. In da babu marubutan da suka iya ba da labari, da sunan Henri da 'yarsa Matilda bai wuce ɗakin karatu ba. Mutumin da ya sa direban tasi ko mai shago ya zauna ya karanta abin da ya faru ƙarni tara da suka wuce ya yi aikin kirki. Amma daidai wannan ne ya sa nauyin da ke kansa ya fi na malamin jami'a. Malami in ya yi kuskure akwai tsaransa da za su tare shi. Mai karatun gama-gari kuwa sau da yawa littafi ɗaya zai karanta a kan batun har ƙarshen rayuwarsa, abin da aka ba shi da shi zai zauna.

Labarin daren, kamar yadda ya iso gare mu, ga shi. Henri ya gama shekaru yana fafatawa da Sarkin Faransa Luwis na Shida, ya ci shi a Brémule a 1119, aka yi sulhu, aka amince ɗansa Wiliyam ne zai riƙe Normandi. An kuma ɗaura wa yaron aure da 'yar Fulk, mai mulkin Anju, maƙwabcin da ya daɗe yana zame wa Normandi ƙaya. Komai ya kwanta, fada tana shirin komawa gida. Sai wani matuƙi, Tomas ɗan Sitibin, ya zo gaban sarki ya ce mahaifinsa ne ya tuƙa jirgin da ya ƙetarar da Wiliyam Mai Nasara, mahaifin Henri, lokacin da ya je cin Ingila a 1066, shi ma yana roƙon a ba shi wannan girma, ga sabon jirginsa. Sarki ya ce ya riga ya shirya nasa, amma zai ba shi amanar 'ya'yansa. Sarki ya yi gaba.

Matasan fada suka cika Farin Jirgi. Matuƙa suka roƙi yarima giya, ya sa aka ba su har ta yi yawa. Limaman coci da suka zo yi wa jirgin addu'a aka kore su da dariya da shewa. Wasu da suka ga abin ya wuce gona da iri suka sauka, cikinsu har da Sitibin na Blois, ɗan 'yar'uwar sarki, wanda aka ce gudawa ce ta saukar da shi. Dare ya yi sosai kafin su tashi, masu tuƙi 50 suka duƙufa, fasinja suna zuga su a kan sai an cim ma jirgin sarki an wuce shi. A bakin tashar akwai dutsen da ake kira Quillebeuf, wanda ruwa ke rufewa idan teku ta cika. Shi jirgin ya daka da gefensa na hagu.

Wanda ya tsira mahauci ne daga birnin Rouen, sunansa Berold. Ya rungume wani dogon itace na jirgin ya kwana a kansa cikin sanyin hunturu, sanye da buzun rago, shi ne ya riƙe masa ɗumin jiki. Wani ɗan manyan gida, Jefri na Laigle, ya riƙe itacen tare da shi har sanyi ya kashe masa hannu, ya yi masa addu'a ya saki. Da gari ya waye masunta suka tsamo Berold. An ce ya ƙara shekara 20 a duniya.

To a nan tambayata ta farko take, wadda marubuta da yawa ke wucewa da gudu: wa ya gani? Sassan labarin da suka fi taɓa zuciya su ne biyu. Na ɗaya, wai an riga an saka yarima cikin ƙaramin kwalekwale an nufi tudu da shi, sai ya ji kukan 'yar'uwarsa Matilda ta Perche, ya ce a koma, da suka koma mutanen da ke cikin ruwa suka yi wa kwalekwalen rubdugu ya nutse. Na biyu, wai Tomas matuƙi ya taso sama ya tambayi ina ɗan sarki, da aka ce masa ya tafi, sai ya ce rayuwa ba ta da sauran amfani gare shi, ya saki jiki ya nutse. Labarin kwalekwalen daga Wiliyam na Malmesbury ya fito, ɗan zuhudu da ke zaune a Ingila. Na Tomas kuwa daga Orderic Vitalis, shi ma ɗan zuhudu, a Saint-Évroult cikin Normandi. Babu ɗayansu da ya je Barfleur a daren. Shaidar gani da ido guda ɗaya ce a duniya, mutumin da ke fama da ransa a kan itace cikin duhu. Mai yiwuwa ya ga wani abu, mai yiwuwa ya ji. Amma mahaucin da ya san cewa sarki mai zafin hannu na makokin ɗansa, wane labari zai bayar in ba wanda zai nuna yarima ya mutu mutuwar jarumi ba? Ban ce ƙarya ce ba. Cewa nake mai karatu yana da haƙƙin a gaya masa ta bakin wa maganar ta biyo, daga nan ya auna da kansa.

Akwai wani wuri ɗaya da kowannenmu zai iya auna Orderic da kansa. Ya rubuta cewa a daren wata yana da kwana 19, ya haskaka teku har na awa tara, ana ganin komai. Amma in aka juya 25 ga Nuwamba 1120 zuwa lissafin Hijira, a farkon Ramadan na shekarar 514 take faɗawa, wata bai wuce kwana biyu ko uku da tsayuwa ba. Duk wanda ya taɓa fita duban wata ya san jinjirin wata ba ya daɗewa bayan magariba yake faɗuwa. Ashe a cikin duhu jirgin ya tashi. Wannan bai mai da Orderic maƙaryaci ba, shi ne ma ya adana mana mafi yawan abin da muka sani, har da sunayen mamata. Sai dai ya nuna cewa ya rubuta ne daga nesa, bayan shekaru, yana cike gurbi da abin da ya ɗauka daidai ne. Marubucin zamani da ya kwafo farin watan Orderic domin ya ƙawata shafinsa, bai ce uffan ba, ya ci amanar mai karatu a ƙaramin abu. Wanda kuwa ya yi haka a ƙarami, ina zargin sa a babba.

Babban shi ne shekara 15 ɗin nan.

Ba na musun cewa hasarar ta girgiza Henri. An kwana ana tsoron gaya masa, sai da aka tura wani yaro ƙarami ya faɗi gabansa yana kuka ya faɗa, sarki ya yanke jiki ya faɗi. Ya rasa 'ya'ya uku a dare ɗaya, Wiliyam da Matilda da Ricad, ga manyan baradensa da ma'aikatan fadarsa. Ba a taɓa samun gawar yarima ba. Yaron nan kuma ba magaji ne kawai ba: uwarsa jinin tsofaffin sarakunan Ingila ce na kafin 1066, don haka a jikinsa ne gidan da ya ci ƙasa da gidan da aka ci suka haɗu. Ƙawance da Anju ya rushe, Fulk ya nemi a mayar masa da dukiyar da ya ba 'yarsa, daga baya ya juya ya goyi bayan abokan gaban Henri. Duk wannan gaskiya ne, kuma jirgin ne ya jawo shi. Amma sarkin nan bai mutu a wannan makon ba. Ya ci gaba da mulki da ƙarfinsa, baitulmalinsa cike, babu hakimin da ke iya ɗaga masa ido. Me ya yi da lokacin?

Matarsa ta fari ta rasu tun 1118. Wata biyu bayan hatsarin, a Janairun 1121, ya auri Adeliza ta Louvain da fatan samun ɗa namiji. Ba ta haihu da shi ba. Yana da 'ya'ya sama da 20 da ya haifa a waje, cikinsu akwai Robat na Gloucester, mutum mai hankali da iya yaƙi, amma coci da al'adar lokacin sun rufe musu ƙofar sarauta. Akwai kuma Wiliyam Clito, ɗan wansa (shi ma wan nasa Robat sunansa), wanda mutane da yawa ke ganin shi ya fi cancanta. Henri ya gwammace komai da ya ba shi, saboda uban yaron yana tsare a kurkukun Henri tun 1106. Clito ya mutu a 1128 sakamakon raunin yaƙi.

Saura 'yarsa ta aure, ita ma Matilda sunanta kamar wadda ta nutse, wadda aka aurar tun tana ƙarama ga Sarkin sarakunan Jamus, Henri na Biyar. Mijin ya mutu a 1125 ba su haihu ba, uban ya dawo da ita. A farkon 1127 ya tara manyan ƙasa da bishop-bishop ya sa suka rantse cewa in ya mutu bai bar ɗa namiji ba, ita za su bi. Sarkin Scotland, Dauda, kawunta, yana cikin waɗanda suka rantse. Sitibin na Blois da Robat na Gloucester har gardama suka yi a kan wa zai riga wani ɗaga hannu. A riƙe wannan: mutumin da daga baya ya ƙwace gadon, rige-rigen rantsuwa ya yi.

Daga nan Henri ya shiga warware abin da ya ƙulla da hannunsa. A 1128 ya aurar da Matilda ga Jefri na Anju, yaro ɗan shekara 14 zuwa 15, ita tana da 26, bai shawarci yawancin waɗanda suka rantse ba. Normandawa ba sa ƙaunar mutanen Anju, sun daɗe suna gwabzawa a kan iyaka. Roja, bishop na Salisbury, wanda ke riƙe da ragamar mulkin Ingila in sarki ba ya nan, daga baya cewa ya yi rantsuwarsa ta warware tunda an aurar da ita waje ba da saninsu ba. Henri bai taɓa bayyana matsayin da mijin zai riƙe ba. Bai ba Matilda ƙasa ko gidajen ganuwa a Ingila da za ta tsaya a kansu ba, bai zaunar da ita kusa da shi ta koyi mulki mutane su saba da ita ba, bai sa an naɗa ta yana raye ba, alhali maƙwabcinsa Sarkin Faransa ya naɗa ɗansa tun yana da rai a 1129. Sitibin kuwa, shi Henri ya yi wa goma ta arziki: filaye masu yawa a Ingila da Normandi, da auren magajiyar Boulogne, tashar da ke da gajeriyar hanya zuwa Ingila. A shekarar da zai mutu ma rigima yake yi da 'yar tasa da mijinta a kan wasu gidajen ganuwa na kudancin Normandi da ya ƙi sakar musu. A ganina Henri bai taɓa sakin fatan samun ɗa namiji ba, kuma mutum ne da ba ya iya raba ikonsa da kowa, ko da wadda ya ce ita ce magajiyarsa. Ya karɓi rantsuwa ya ajiye, bai gina komai a ƙarƙashinta ba.

Ya mutu ranar 1 ga Disamba 1135 a Lyons-la-Forêt. Marubutan gama-gari ba sa mantawa da cewa wani irin kifi ne da likita ya hana shi ya ci ya yi ajalinsa. Abin da ya fi kifin muhimmanci shi ne makonni ukun da suka biyo. Matilda tana Anju. Sitibin yana Boulogne, ya ƙetara nan da nan, mutanen Landan suka karɓe shi, ƙanensa Henri, bishop na Winchester, ya buɗe masa hanyar baitulmali da ta coci. Wani hakimi, Hugh Bigod, ya rantse cewa sarki ya sauya ra'ayi a gadon mutuwa ya yafe wa mutane rantsuwarsu. Ranar 22 ga Disamba babban bishop na Canterbury ya ɗora wa Sitibin kambi. Kowane mataki a nan mutum ne ya taka shi da ƙafarsa, ido buɗe, yana sane da rantsuwar da ya yi.

Kuma Sitibin bai ƙirƙiro sabon abu ba, darasin kawunsa ya maimaita. A Agustan 1100, da kibiya ta kashe Sarki Wiliyam Rufus a dajin farauta, Henri bai tsaya kan gawar wansa ba, ya sukwani doki zuwa Winchester ya kama baitulmali, cikin kwana uku aka naɗa shi, alhali babban wansu Robat yana hanyar dawowa daga yaƙin Ƙudus. Kafin wannan, a 1087, ubansu ya raba gado, Normandi ga Robat, Ingila ga Rufus, shekara na zagayowa aka yi tawaye. A 1106 Henri ya ci Robat da yaƙi a Tinchebray, ya kulle shi har ya mutu a Cardiff a 1134, shekara 28 a tsare. Tun daga 1066 babu sauyin sarki ko ɗaya a gidan nan da ya wuce lami lafiya. Ƙa'idar da ke aiki a zahiri ita ce wanda ya riga isa baitulmali da bishop shi ne sarki. Gida irin wannan ba ya buƙatar hatsarin jirgi kafin ya kama da wuta.

Me ya sa marubuta suka fi son dutsen? Dalili na fili shi ne dare ɗaya ya fi shekara 15 daɗin bayarwa. Akwai giya, akwai kuka cikin duhu, akwai mahauci da buzunsa. Shekarun da suka biyo kuwa taruka ne da takardun filaye da aure-auren siyasa, sai an yi haƙuri. Amma akwai wani dalili da ya fi wannan zurfi, shi ne kuma ya fi damuna. Labarin hatsari yana wanke kowa. In dutse ne ya kawo yaƙi, to Henri uba ne abin tausayi, Sitibin mai sa'a ne da gudawa ta cece shi, bishop-bishop da hakimai kuwa ruwa ne ya tafi da su. 'Yan zuhudun wancan ƙarni sun ce hukuncin Allah ne a kan fasiƙancin matasan fada. Na yau sun cire sunan Allah sun sa tsautsayi a gurbinsa, amma sakamakon ɗaya ne, an ɗauke idon mai karatu daga kan masu mulki. Mu da muka yi imani da ƙaddara mun san ba ta ɗauke wa mutum alhakin aikinsa. Mutuwar yaron ƙaddara ce da babu wanda ya isa ya tare ta bayan ta sauka. Karya rantsuwa aiki ne na wanda ya karya.

Mai karatu Bahaushe ba baƙo ba ne ga wannan. Da Sarkin Kano Muhammadu Bello ya rasu a 1893 aka naɗa ɗansa Tukur, 'ya'yan Abdullahi Maje Karofi suka fice tare da Yusufu, aka yi basasar da ta ƙare da Aliyu Babba a kan gado. Ba na jin akwai wanda ya san tarihin Kano da zai ce rasuwar Bello ce ta haddasa yaƙin. Kowa zai kai ka baya, ga shekarun da aka yi ana tuɓe 'ya'yan Abdullahi daga sarautu, ga ɓacin ran da ya taru, ga shawarar da aka yanke a Sakkwato. In ba za mu yarda a taƙaita mana namu tarihin zuwa mutuwar mutum ɗaya ba, bai kamata mu karɓi na wasu a haka ba.

Wani abin da ake kwafowa ba tare da tacewa ba shi ne halin Matilda. Ta sauka Ingila a 1139, a Fabrairun 1141 rundunar Robat na Gloucester, ɗan'uwanta da ke mara mata baya, ta kama Sitibin a Lincoln, saura ƙiris a naɗa ta, sai mutanen Landan suka tashi suka kore ta a watan Yuni. Bayanin da ake maimaitawa shi ne girman kanta ya kayar da ita. Amma wanda ya fi zafafa wannan zargi marubuci ne na ɓangaren Sitibin, kamar yadda Wiliyam na Malmesbury shi kuma ya rubuta nasa tarihin yaƙin ne a inuwar Robat na Gloucester. Ta nemi kuɗi a hannun mutanen Landan, ta yi magana da kakkausar murya, ta ƙi sassauci. Ubanta ya yi abin da ya fi haka nesa ba kusa ba. Shi ne ya yarda aka ƙwaƙule idanun jikokinsa mata biyu a rikicin garkuwa a 1119, shi ne ya sa aka yanke hannuwan maƙeran kuɗin Ingila saboda algus. Shi ana kiransa sarki mai tsare doka. A daidai lokacin kuma, matar Sitibin, ita ma Matilda sunanta, ta tara runduna ta matsa wa Landan da Winchester har aka kama Robat aka yi musayarsa da mijinta, marubuta suka yaba mata, domin ita don miji take yaƙi. Mai yiwuwa 'yar Henri tana da zafin kai da gaske. Amma marubucin da ya kawo zargin bai faɗi daga sansanin wa ya fito ba, ya shiga yaƙin ne a ɓangare ɗaya bai sani ba.

Sai waɗanda ba a ambata. Cikin mutum kusan 300, sunayen da suka rage na masu sarauta ne. Masu tuƙi 50 ɗin nan suna da iyaye da mata a garuruwan gaɓar, amma a littattafai aikinsu ɗaya ne, su bugu su kashe yarima. Ba a cika tsayawa a tambayi wa ya ba da giyar ba, wa ya ce a yi tsere cikin dare, ko matuƙi talaka yana da bakin da zai ce wa ɗan sarki a jira safiya. Haka ma yaƙin. An fi ba da labarin yadda Matilda ta sulale daga Oxford a hunturun 1142, sanye da farare a kan dusar ƙanƙara, ta ratsa tsakiyar masu gadi. Labari ne mai kyau. Amma wani ɗan zuhudu a Peterborough ya bar mana abin da talaka ya gani: hakimai sun cika ƙasa da gidajen ganuwa, suna tilasta wa mutane aikin gina su, suna kama duk wanda suke zaton yana da abin hannu, mace ko namiji. A rataye mutum ta ƙafa a tura masa hayaƙi, a rataye wani ta manyan yatsu, a ɗaura wa wani igiya mai ƙulli a ka a yi ta murɗawa, a cusa wani cikin akwati gajere mai duwatsu masu kaifi. Ana sa wa ƙauyuka kuɗin kariya, in sun ƙare a ƙone su. Ya ce za ka yi tafiyar yini ba ka ga mutum zaune a ƙauye ko gona a nome ba, har mutane suna faɗa a fili cewa Almasihu da waliyyansa barci suke. Masana na yau sun nuna cewa ba ko'ina abin ya kai haka ba, ya fi tsanani a yankunan da rundunonin ke karo da kuma fadamun gabas, kusa da inda marubucin yake. To ko a yanki ɗaya ne, wanda aka rataye ta yatsu ba dutsen Quillebeuf ne ya rataye shi ba. Hakimi ne mai suna da gida, wanda ya ga sarauta ta rabu biyu ya ce ga dama ta samu.

Yadda yaƙin ya ƙare ma shaida ce. A 1153 hakiman ɓangarorin biyu suka gaji suka ƙi gwabzawa a Wallingford, babban ɗan Sitibin, Eustace, ya mutu a watan Agusta, a Nuwamba aka daidaita a Winchester: Sitibin ya ci gaba da sarauta har mutuwarsa, ɗan Matilda, Henri, ya gaje shi. Aka rubuta, aka fayyace makomar gidajen ganuwa da ta ɗan Sitibin da ya rage. Sitibin ya mutu a Oktoban 1154, aka naɗa Henri na Biyu a Disamba ba tare da an zare takobi ba, ko da yake ya yi makonni a ƙetaren teku kafin ya iso. Irin mutanen da suka kunna wutar su ne suka kashe ta ranar da suka ga dama, da irin aikin da Henri na Farko ya yi shekara 15 bai yi ba.

Masu cewa da jirgin bai kife ba da an zauna lafiya, su dubi abin da ya biyo baya. Henri na Biyu bai rasa magada ba, 'ya'ya maza huɗu na aure suka girma a gabansa. Don gudun abin da ya sami uwarsa har ya sa aka naɗa babbansu yana raye a 1170. Shekara uku bayan haka, a 1173, wannan ɗan da ƙannensa biyu, Ricad da Jefri, da uwarsu Eleanor, suka ɗaura masa yaƙi da taimakon Sarkin Faransa. Ya mutu a Chinon a 1189 Ricad na fatattakar sa, bayan an kawo masa labarin cewa autansa Jon ma ya koma wancan ɓangaren. Da Ricad ya mutu a 1199 aka sake rabuwa tsakanin Jon da Arthur, ɗan wansa Jefri, yaron ya faɗa hannun Jon a 1202, daga 1203 ba a sake ganin sa ba.